Ni Ɗan Aike Ne

A ƙarshen shekarar 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari kuwa yana cikin gari. Gidan Dabo, gidan sarautar Kano, a lokacin ya riga ya rabu ɗaki biyu. Abdullahi Maje Karofi ya hau gado a 1855, ya shekara ashirin da 'yan kai yana mulki, ya bar 'ya'ya maza da yawa, da bayi da barori. Da ɗan'uwansa Bello ya gaje shi, sai ya bi 'ya'yan marigayin da tuɓewa, a karɓe wa wannan sarauta, a karɓe wa wancan gari, har ya share wa ɗansa Tukur hanya ya naɗa shi Galadima. Galadiman nan kuwa sarauta ce da Yusufu ɗan Abdullahi ya taɓa riƙewa. Mutanen gari suna kallo suna ƙirgawa, da yawansu kuma sun sa rai cewa ran da Bello ya kau, Yusufu ne.

Sakkwato ba haka ta gani ba. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, yana riƙe da wani alheri na Tukur. A yaƙin Argungu, ranar da Kabawa suka tarwatsa rundunar Sakkwato, Tukur na cikin waɗanda suka tsaya, Sarki kuma bai manta ba. Ya ce Tukur za a ba. Masu tarihi sun kawo cewa Waziri Buhari ya hango abin da ke tafe, ya kuma faɗa: naɗin nan zai zubar da jini. Aka ce ya yi abin da aka umarce shi. Malami ne, ya san garin, ya san mutanen, ya faɗi gaskiyarsa. Sannan ya ɗauki rawani ya naɗa wa Tukur.

Na sha karanta wannan labari, har a littafin Adamu Fika na 1978 a kan Basasar Kano, amma sai a wani ƙauye tsakanin Kabo da Gwarzo na ji an ba da shi kamar jiya aka yi.

An ba da shi ne a wurin wata rigima ta ƙungiyar manoman rani a bakin wani dam. Abin da ƙungiyar ta mallaka bai taka kara ya karya ba a idon ɗan birni: injin ban-ruwa huɗu, da tiyo, da ɗan asusu a banki, da takardar rajista wadda da ita ake karɓo taki da iri idan gwamnati ta tuna da manoma. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon tumatirinsa na yaushi saboda layin ruwa bai zo kansa ba, ya san shugabancin nan ba abin wasa ba ne. Shugaba ya rasu da damina. Mutum biyu suka fito, ɗan marigayin, wanda uban ya ɗora a kujerar ma'aji tun yana raye, da ɗan wan marigayin, wanda ubansa ne ya kafa ƙungiyar tun farko. Mafi yawan masu biyan kuɗin wata suna bayan na biyun. Sai dai ƙungiyar tana da uba a birni, wani babban mutum da ta hannunsa takin ke fitowa. Shi kuma akwai wata ranar zaɓe da aka watse aka bar akwati, ɗan marigayin ya tsaya masa. Sai ya aiko da dattijo guda, ɗan asalin yankin, mai furfura da mutunci, ya zo ya sanar da abin da suka kira maslaha.

Aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar masallaci. Ni an zaunar da ni gefe da littafi in rubuta sunayen mahalarta. Can bakin hanya ta gabas samari sun jingine babura, kowa da gorarsa. Ta yamma ma haka, har da mai barandami a cikin buhun taki, ƙotar ta leƙo waje. Kowane ɓangare ya ce ba faɗa ya kawo yaran ba, rakiya ce. Dattijon ya yi sallama, ya yi wa mamaci addu'a, ya ciro takarda a ninke daga aljihun gaba. Ya ce shi da bakinsa ya gaya wa mai gida cewa jama'a ba nan suka karkata ba, amma umarni ne daga sama.

"Ni ɗan aike ne," in ji shi. "Ku yi mini uzuri, ni ɗan aike ne."

Wani daga baya ya ce, "Ɗauki-ɗora ke nan." Aka ce ya yi shiru, manya na magana.

A cikin manyan akwai wani tsoho da ya koyar da tarihi a sakandare har ya yi ritaya, yanzu albasa yake nomawa. Bai kalli dattijon ba, bai kalli 'yan takara ba. Jikansa ya hango yana wucewa da jakar makaranta.

"Kai abokina, zo nan. An ce jarrabawa gare ku. Wa ya gaji Sarki Bello?"

Yaron ya durƙusa ya gaida mutane, ya ce, "Tukur, Kaka."

"Wa ya naɗa shi?"

Yaro ya sosa ƙeya.

"Ka gani? Kowa ya riƙe sunan wanda aka naɗa, an manta da mai naɗin. Zauna in ƙarasa maka kafin manya su fara nasu."

Ya ba shi abin da na kawo a sama, sannan ya ɗora. Yusufu da 'yan'uwansa suka fice daga birni suka yi Takai, bayin ubansu da barorinsa suka bi su. Daga ranar Kano ta zama Tukurawa da Yusufawa. Garuruwa suka riƙa zaɓen gefe, wanda ya ƙi zaɓa a zaɓar masa da wuta. Sarkin Musulmi ya aika wa sarakuna su taimaki Tukur, mafi yawansu suka yi ta jan ƙafa, don ba mai son ya mutu a rigimar gidan wani. Yusufawa suka kawo wa birni hari aka kore su, waɗanda aka kama aka kashe, waɗanda ake zargin zuciyarsu na Takai suka shiga uku a cikin gari. Yusufu bai ga ƙarshen abin ba, ya rasu a Garko a 1894. Aka ɗora ƙanensa Aliyu Babba, Alu, wanda mahaifiyarsa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, ka ga ko Sakkwato sai ta yi tunani kafin ta kira shi bare. A watan Agusta na shekarar suka shiga Kano. Tukur ya fita ya yi ƙasar Katsina, aka bi shi, a watan Maris na 1895 aka gama da shi a Tafashiya.

"To wa ya ci, abokina?"

"Alu, Kaka."

"A jarrabawa rubuta haka, za a ba ka maki."

Ya ɓare goro ya jefa rabi a baki. Ya ce abin da ba a tambaya a jarrabawa shi ne wa ya biya. An ƙone garuruwa, an bar gonaki, Musulmi ya kama ɗan'uwansa Musulmi ya kai kasuwa ya sayar, a ƙasar da aka yi jihadi don a hana irin wannan. Ya ce mu nan yamma, Gwarzo da Karaye, garuruwan bakin iyaka ne, ganuwarsu don mahara daga Maraɗi aka gina ta, to dokin da yake can yana bin ɗan'uwan mai shi ba zai tsare maka iyaka ba. Ƙarni bai ƙare ba sai ga Sarkin Damagaram Amadu Kuren Daga ya shigo ƙasar Kano da yaƙi. A cikin fada kuma, bayin sarki masu bindiga, su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, sun fito daga Basasa da ƙarfin da ya fi na da, don wanda ya hau da bindigar wani sai ya riƙa tunawa da mai bindigar kullum safiya.

Wani magidanci daga ɓangaren ɗan marigayin ya gyara zama. "Allah ya gafarta Malam, ai wannan sarauta ce ta gado. Mu ƙuri'a muke yi, muna da tsarin mulki a rubuce."

Tsohon bai juya ba. "Ka ji, abokina, baffanka ya kawo magana mai kyau. Akwai waɗansu mutane da su ma ƙuri'a suke yi."

Rumawa ke nan. Tun wajen shekara ta 509 kafin haihuwar Annabi Isa suka kori sarkinsu, suka rantse ba su ƙara yin sarki. Duk shekara su zaɓi shugabanni biyu, kowanne yana iya taka wa ɗan'uwansa burki, ga majalisar dattawa tana ba da shawara. Sun yi kusan shekara ɗari huɗu a haka suna cin ƙasashe. A shekara ta 133 wani wakilin talakawa, Tiberiyus Girakus, ya kawo dokar raba filayen gwamnati ga marasa gona. 'Yan majalisa masu manyan gonaki suka fito da barorinsu, suka kakkarya bencina suka yi kulake da ƙafafun, suka kashe shi da mutanensa wajen ɗari uku, aka zuba gawarwakin a kogi.

"A kan gona, abokina. Kuma lura, ba 'yan iskan gari suka fara ba. Dattawa ne."

Daga nan abin ya riƙa hawa. A 107 Mariyus ya ɗebi marasa ko taƙin gona ya sa su soja, soja kuma ya daina duban hukuma, sai uban gidansa, don shi zai sallame shi da fili idan an gama yaƙi. A 88 aka karɓe wa Sula jagorancin wani yaƙi aka ba Mariyus, sai ya juyo da rundunarsa ya shiga birnin Rum, abin da ba a taɓa yi ba. Manyan hafsoshinsa suka ƙi binsa in ban da guda, amma ƙananan soja suka bi, su ganima suke hange. Da ya dawo karo na biyu a 82, sai ya riƙa liƙa sunayen mutane a dandalin gari. Wanda sunansa ya fito, duk wanda ya kashe shi yana da lada, dukiyarsa kuma a yi gwanjonta.

Ya ce akwai kuma waɗansu 'yan siyasa biyu, Kilodiyus da Milo, kowa da 'yan dabarsa, har ta kai zaɓe ya gagara a birnin saboda ba mai iya zuwa layi. A shekara ta 52 suka yi kiciɓis a kan hanya, yaran Milo suka kashe Kilodiyus. Yaran mamacin suka ɗauki gawar suka shiga da ita zauren majalisa, suka tara bencina suka cinna mata wuta a ciki, zauren ya ƙone ƙurmus. Dattawa suka tsorata, suka ɗauki shugabancin da aka saba ba mutum biyu suka damƙa wa mutum ɗaya, Fompi, suna roƙonsa ya kawo soja ya kwantar da tarzoma.

A nan na lura samarin bakin hanya sun matso, na gabas da na yamma, labari ya yi musu daɗi. Mai barandamin ma ya ajiye buhunsa a gindin katanga.

Fompi da wani babban soja, Kaisar, surukai ne, Fompi ya auri 'yar Kaisar. Bai hana komai ba. A 49 Kaisar ya ƙetare rafin Rubikon da soja, a 48 ya karya Fompi, Fompi ya gudu Masar aka kashe shi tun bai gama sauka daga jirgi ba. A 44 'yan majalisa suka taru suka sassoke Kaisar, suna cewa sun ceto jamhuriya. Tsohon ya bi ta kan waɗannan da sauri, kamar mai son ya isa wani wuri. Wurin kuwa shi ne Sisero.

Sisero, in ji shi, ba a yi mai baki kamarsa a Rum ba, ga ilimi, ga mutunci, ya taɓa shugabancin ƙasar. Duk abin da ke faruwa ya gane shi, wasiƙun da ya rubuta wa amininsa suna nan har yau, cike da kuka a kan yadda ake rusa tsari. Amma da manyan suka matsa masa, sai ya riƙa tashi a kotu yana kare yaransu, mutanen da shi kansa ya tsana. A ɗaki ya faɗi gaskiya, a dandali ya faɗi abin da aka aike shi. Bayan mutuwar Kaisar sai ya ga wani yaro ɗan shekara goma sha tara, Oktabiyan, magajin Kaisar, mai soja a bayansa, ya ce bari a yi amfani da shi a kawar da Antoni, wani jigo cikin mutanen Kaisar, in an gama a ajiye shi gefe. Ya ba yaron sunansa da bakinsa a majalisa. Shekara ba ta zagayo ba yaron ya shirya da Antoni, aka sake liƙa sunaye, na Sisero na ciki. A watan Disamba na 43 aka sare kansa da hannuwansa aka kafe a kan mumbarin da ya saba jawabi.

Yaron nan shi ya kawar da Antoni a 31, a 27 majalisa ta ba shi laƙabin Agustus. Bai rushe komai ba. Majalisa na zama, ana zaɓe, ana naɗa shugabanni biyu duk shekara, shi kuma bai taɓa yarda a kira shi sarki ba. Soja dai nasa ne, baitulmali kuma a hannunsa. Ya fi shekara arba'in a haka har ya mutu. Su kuma dogarawan da sarakunan Rum suka ajiye don tsaron kansu, a shekara ta 193 bayan haihuwar Annabi Isa suka kashe sarki, suka sa sarautar a gwanjo, wanda ya fi taya musu da tsada suka ba shi.

"Su ma dokokinsu a rubuce suke a allunan tagulla, abokina. Ka gaya wa baffanka."

Dattijon da aka aiko, wanda tun ɗazu yake juya takardarsa, ya yi gyaran murya. "Malam, ai Wazirin nan ba shi da laifi. Ya faɗi gaskiya, aka ƙi ji. Biyayya ce, akwai mubaya'a a wuyansa."

"Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji, ni da jikana nake." Ya dafa kan yaron. "Abokina, Alhaji ya yi gaskiya. Waziri mutumin kirki ne. Don haka ma aka sa shi. Da wani sakarai aka ba rawanin, da mutanen Kano sun yi dariya sun watse. Sai da aka nemi wanda ake jin kunya."

Ni a nan nake tare da tsohon, ko da yake ina jin nauyin Waziri Buhari. Ba abu ne mai sauƙi ba ka ce wa Sarkin Musulmi a'a, balle irin Abdurrahman da aka sani da zafin rai. Amma tsakanin a'a da naɗi akwai fili mai faɗi. Mutum yana iya jinkirtawa, yana iya hawa doki ya koma ya durƙusa gaban mai umarnin ya sake faɗa ido da ido, yana iya cewa a aiko wani. Mun saba mu wanke ɗan aike da cewa ai ya faɗa, kamar faɗar ce aikin. Wanda ya san wuta za ta tashi nauyinsa ya fi na wanda bai sani ba, kuma shi mai umarnin yana nesa, ba ya ganin fuskokin da ɗan aiken ke gani.

Tsohon ya ƙarasa da sauri don rana ta yi sanyi. Shekara takwas bayan Tafashiya, ranar 3 ga Fabrairu 1903, Turawa suka shiga Kano, Alu yana can wajen Sakkwato ya je gaisuwa. A hanyar dawowa ya rabu da rundunarsa, Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, Wambai Abbas ya kawo sauran mutane gida Turawa suka naɗa shi. Alu aka kai shi Yola, daga nan Lokoja, can ya rasu a 1926. Shi kuwa Waziri Buhari, shi ne ya dawo ya zauna da Turawa a Sakkwato bayan yaƙin watan Maris na 1903, har ya rubuta wa malamai takarda yana bayyana uzurinsa. A 1908 wani Bature da ake kira Mai Gunduma ya ɗauki Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, bawan fada, ya naɗa shi Wazirin Kano, jikokin Dabo na ɗaki biyun suna kallo.

"Tashi ka je gida, abokina, kakarka na jiran ka. Manya za su fara magana."

Manya ba su fara ba, don ladan ya kira la'asar. Da aka idar, dattijon ya zagaya bayan masallaci da wayarsa, ya daɗe, ya dawo ya ce mai gida bai ɗauka ba. Ya tsaya yana kallon takardar, sannan ya mai da ita aljihu ba tare da ya karanta sunan da ke ciki ba. Ya ce zai koma birni da ƙafarsa, a ba shi mako biyu. Ɗan marigayin ya tashi fuu ya hau babur. Ɗan wan marigayin ya yi murmushi, wanda a ganina ya yi gaggawa.

Dattijon ya cika alkawari. Ya dawo da izinin a yi ƙuri'a, kuma an ce bai samo shi da sauƙi ba, har yanzu mai gida ba ya amsa gaisuwarsa yadda ya saba. Sai dai ranar da aka buɗe ɗakin ajiya don a fitar da injina a fara ban-ruwa, biyu aka tarar. Yaran gabas sun ɗauki ɗaya, na yamma sun ɗauki ɗaya, kowa ya ce ba sata ba ce, jingina ce har a sallame shi kuɗin rakiya, don 'yan takarar biyu duk sun yi alkawari ba wanda ya cika. Yanzu samarin sun haɗe sun yi shugaba guda, mai barandamin nan, ya kuma aiko wa dattawa cewa ko wa za a zaɓa, a fara zama da su tukuna.